Francesko: Laƙabin Da Ya Zama Sunan Yanka A Ƙasar Italiya

A yau za mu ɗauki suna guda ɗaya, mu bi sawunsa tun daga tushe. Sunan na mutanen ƙasar Italiya ne. Suna rubuta shi Francesco, amma in suka faɗa, abin da kunne zai ji shi ne "Francesko", haka kuma za mu riƙa rubuta shi a nan. Shi ne sunan da Turawan Ingila suka mai da Fransis, wanda 'yan'uwa da yawa a Nijeriya suke amsawa.

Daga shekara ta 2001 har zuwa 2017, shekara 17 ke nan a jere, babu sunan da aka raɗa wa jarirai maza a Italiya kamar wannan. Abin mamaki kuwa, ba a cikin Littafi Mai Tsarki aka samo shi ba. Babu annabi ko manzo mai wannan suna. Laƙabi ne da wani attajiri mai sayar da yadi ya liƙa wa ɗansa. To, ta yaya laƙabi irin wannan ya shiga fadar sarakuna da bukkar talakawa, har wani Paparoma ya zaɓe shi ya zama nasa? Bari mu duba tare.

Ma'anar kalmar

A ƙarni na 3 bayan haihuwar Almasihu, marubutan Romawa suka fara ambaton waɗansu kabilu mayaƙa da ke zaune a bakin kogin Rayin, wajen ƙasar Jamus da Holan ta yau. Sunansu Farankawa. Da mulkin Romawa ya raunana, sai suka ƙetare kogin suka shiga ƙasar Gol. Sarkinsu Clovis, wanda ya mutu a shekara ta 511, ya ci yawancin ƙasar da yaƙi, ya kuma karɓi baftisma a birnin Reims. Daga sunan waɗannan mutane ne ƙasar ta sami sunan da muka san ta da shi yau, wato Faransa.

A harshen Latin, abin da ya fito daga wurin Farankawa ana ce masa Franciscus. A bakin mutanen Italiya kalmar ta koma Francesko. Ma'anarta a sarari ita ce "Bafaranshe", ko kuwa "abin Faransa".

Akwai ma'ana ta biyu da ta biyo baya. Da yake Farankawa ne masu mulki, su ne 'ya'ya a ƙasar, ba bayi ba, sai sunansu ya zama kalmar da ake nufin 'yantacce da ita. Shi ya sa waɗansu littattafan sunaye suke cewa Fransis yana nufin "mai 'yanci". A shekara ta 1360, sa'ad da aka fanso Sarki Yohanna na Biyu na Faransa daga hannun Ingilishi, aka buga wani kuɗin zinariya aka kira shi faran. Wannan suna ne har yau yake kan kuɗin sefa da 'yan'uwanmu na Nijar suke kashewa. Larabawa kuma a zamanin dā sun riƙa kiran dukan Turawan yamma Faranja. Ka ga tushe ɗaya, rassa da yawa.

Suna biyu a gida ɗaya

Asisi ƙaramin birni ne a kan tudu, a yankin Umbriya da ke tsakiyar Italiya. A nan ne, wajen shekara ta 1182, aka haifi ɗa namiji a gidan Pietro ɗan Bernardone da matarsa Pika. Pietro attajiri ne, sana'arsa fataucin yadi. A wannan zamani fataken Italiya sukan ƙetare duwatsu su je manyan kasuwannin yankin Shampan a Faransa, kamar na Troyes da Provins, su saro yadin ulu mai tsada. Duk abin da ya fito daga Faransa abin yayi ne: tufafinsu, waƙoƙinsu, da labaran baradensu.

Tsoffin littattafan tarihin yaron sun ce an haife shi uban yana can Faransa. Uwar ta kai shi aka yi masa baftisma, ta sa masa suna Jobanni, wato Yohanna, saboda Yohanna Mai Baftisma. Sunan daga Ibrananci yake, ma'anarsa kuwa Ubangiji ya yi alheri. Da Pietro ya dawo daga fatauci, sai ya fara kiran jaririn Francesko, ɗan Bafaranshe. Laƙabin ya bi yaron, sunan baftisma kuwa ya kwanta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san yara da ake kira Bature alhali ba su taɓa ganin Turai ba. Mun san Ɗanjuma da Ɗanladi da Tanko da Gambo, waɗanda laƙabinsu ya danne sunan yanka har maƙwabta ba su san na ainihin ba.

Amma ka lura da abin da yake ƙarƙashin sunayen nan biyu. Mai karanta Luka sura 1 zai tuna da gardamar da aka yi ranar suna a gidan Zakariya. Dangi suna so a sa wa jariri sunan ubansa, Alisabatu ta ƙi, Zakariya kuma ya rubuta a allo ya goyi bayanta. A Asisi akasin haka aka yi. Uwa ta zaɓi sunan mai wa'azin jeji, wanda ya sa tufar gashin raƙumi. Uba ya zaɓi sunan ƙasar da ake saro yadi mai kyau. Uwar tana duban Allah, uban yana duban kanti. A baki dai uban ne ya yi nasara.

Kafin wannan lokaci kalmar tana nan a bakin mutane, amma da wuya ka ji an kira mutum da ita. Toma na Celano, wanda ya san Francesko ido da ido ya kuma rubuta tarihinsa, ya bayyana sunan a matsayin baƙon suna da ba a saba ji ba.

Ɗan da ya mayar wa ubansa tufafi

Da farko yaron ya cika burin ubansa. Ya taso a kanti, mai hannun kyauta, mai son ado da waƙa da biki. Ya koyi Faransanci, ko da yake bai ƙware ba, in ransa ya yi fari kuwa da shi yakan rera waƙa. Burinsa ya zama barde mai doki da sulke. A shekara ta 1202 Asisi ta yi yaƙi da maƙwabciyarta Perujiya. Aka ci mutanen Asisi, aka kama Francesko, ya yi kusan shekara guda a kurkuku. Bayan ya fito ya yi doguwar jinya. A 1205 ya sake ɗaura ɗamarar yaƙi ya nufi kudu, amma a garin Spoleto ya juya ya komo gida.

Shi da kansa, a wasiyyar da ya bari kusa da mutuwarsa, ya faɗi inda juyawarsa ta fara. Ya ce a dā ganin kutare abin ƙyama ne a gare shi, sai Ubangiji ya kai shi cikinsu ya yi musu jinƙai, abin da yake da ɗaci kuwa ya koma mai daɗi.

Akwai wata tsohuwar majami'a a bayan gari mai suna San Damiyano, wadda ta fara rushewa. Francesko ya ƙudura zai gyara ta. Ya kwashi yadi daga kantin ubansa, ya kai kasuwar Foligno ya sayar har da dokin da ya hau, ya kawo wa firist kuɗin. Firist ɗin ya ƙi karɓa, don ya san halin Pietro. Uban ya husata, ya kulle ɗansa a gida, uwar ta buɗe masa. A ƙarshe magana ta kai gaban bishop na Asisi, mai suna Guido, wajen shekara ta 1206.

A gaban jama'a bishop ya ce wa saurayin ya mayar da kuɗin, gama ba a yi wa Allah aiki da abin da ba naka ba. Francesko ya mayar. Sa'an nan ya tuɓe tufafin jikinsa duka ya ajiye a gaban ubansa, ya shaida cewa daga ranar Uba na sama ne ubansa. Bishop ya rufe shi da mayafinsa.

'Yan'uwa, kada mu wuce wurin nan da sauri. Akwai zafi a cikinsa. Pietro ya yi wahala ya tara dukiya domin ɗansa, ya kuma ga ɗan nan yana bara a titin garinsu, yara suna jifansa da laka. Littattafan sun ce in suka haɗu a hanya uban yakan la'ance shi. Saurayin ya mayar da kuɗi, ya mayar da gādo, ya mayar da riga. Abu ɗaya ne na ubansa ya rage masa, shi ne laƙabin nan. Da shi kuwa duniya ta san shi.

Wajen 1208 ya ji ana karanta Matiyu sura 10, inda Yesu ya aiki almajiransa su yi wa'azi ba tare da kuɗi ko jaka ko takalmi ba. Ya ɗauki maganar yadda take. Ya sa riga mai kaushi, ya ɗaura igiya a gindi, ya fita wa'azin tuba. Mutane suka fara binsa. A 1209 ya tafi Roma da abokai kamar goma sha biyu, Paparoma Innocent na Uku ya ba su izini da baki. Suka kira kansu Ƙananan 'Yan'uwa. Wata budurwa 'yar manyan gari mai suna Klara ta bar gidansu ta kafa reshen mata.

A gaban Sarkin Masar

A shekara ta 1219 rundunar Turawa masu yaƙin da ake kira na 'yan gicciye ta kewaye birnin Damiyeta, wanda Larabawa suke kira Dimyat, a bakin kogin Nilu. Mai mulkin Masar a lokacin shi ne Sarki al-Malik al-Kamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin. An zub da jini mai yawa a kowane gefe. Francesko ya iso sansanin Kirista ba takobi ba garkuwa. A ƙarshen watan Agusta Turawa suka sha kashi, aka ɗan tsagaita wuta. A wannan tsakani ne ya ɗauki ɗan'uwa guda mai suna Illuminato, suka ƙetare filin daga zuwa sansanin Musulmi.

Jacques na Vitry, bishop na Akka, yana cikin sansanin Turawa a lokacin, ya kuma rubuta labarin. Sarkin ya karɓi baƙon, ya saurare shi kwanaki, sa'an nan ya sa aka raka shi ya koma lafiya. Sarkin bai bar addininsa ba, Francesko bai bar nasa ba. Yaƙin ma bai tsaya ba. Damiyeta ta fāɗi a watan Nuwamba, a 1221 kuma Turawa suka sha kashi suka bar Masar. Amma mutum biyu daga ɓangarori masu gāba sun zauna a alfarwa ɗaya, sun yi maganar Allah, sun rabu da mutunci.

A watan Janairu na 1220 aka kashe 'yan ƙungiyarsa biyar a Marrakesh ta ƙasar Maroko. Su sun yi wa'azi da zafin baki, an kore su sun dawo. A dokar da Francesko ya rubuta wa 'yan'uwa a 1221, sura ta 16, ya nuna hanya biyu ga mai zama cikin Musulmi. Ta fari, kada ya yi jayayya ko faɗa, ya yi zaman tawali'u da kowa saboda Allah, kada kuma ya ɓoye cewa shi Kirista ne. Ta biyu, in ya ga Allah ya buɗe ƙofa, ya yi shelar Maganar. Mu da muke cin kasuwa ɗaya, muke shan rijiya ɗaya da maƙwabta Musulmi, mun san nauyin wannan shawara.

Francesko ya komo Italiya da ciwon ido wanda ya kusa makantar da shi. A Kirsimati na 1223, a ƙauyen Greccio, ya shirya komin dabbobi da ciyawa da sa da jaki domin talakawa su ga irin wurin da aka haifi Mai Ceto. Ya kuma tsara waƙar yabon Allah saboda halittunsa a harshen mutanen gari, ba da Latin ba, tana kuwa cikin rubuce-rubuce mafi tsufa na adabin Italiyanci. Ya mutu da yammacin 3 ga Oktoba 1226, yana da shekara kamar 44, kwance a ƙasa bisa ga roƙonsa.

Yadda sunan ya bazu a Italiya

Ba a cika shekara biyu ba, ranar 16 ga Yuli 1228, Paparoma Gregori na Tara ya sa shi cikin jerin waliyyan ikkilisiyar Roma. Aka gina babbar majami'a a Asisi, aka mai da gawarsa can a 1230. Daga nan laƙabin ya zama sunan da za a iya ba jariri a wurin baftisma.

Abubuwa uku suka yaɗa shi. Na fari, 'yan ƙungiyarsa. Tun yana da rai sun kai dubbai. Ba su ɓuya a gidajen ibada na daji ba, a cikin birane suka zauna, suna wa'azi a kasuwa da harshen da kowa yake ji. Kusan kowane babban gari a Italiya ya sami majami'a mai sunan Francesko. Iyaye kuwa sukan sa wa ɗa sunan wanda suke ƙauna. Mashahurin marubucin nan Petrarka, wanda aka haifa a Arezzo a 1304, sunansa Francesko. Haka Francesko Sforza, mayaƙin da ya zama mai mulkin Milan a 1450. Mata kuma aka riƙa sa musu Franceska.

Na biyu, al'adar takwara. A Italiya, musamman a kudu, ɗan fari yakan ɗauki sunan kakansa na wajen uba, na biyu kuma na kakan wajen uwa. Mu ma mun san wannan, shi ya sa gidajenmu suka cika da Abba da Baba. In suna ya shiga gida ta wannan ƙofa, ba ya fita. Kowane jika zai mayar da shi. Da yake masu sunan sun yi yawa a gida ɗaya, sai aka riƙa gajarta shi don a bambanta su: Franko, Cekko, Cicco. Ka ga laƙabi ya zama sunan yanka, shi ma ya haifi nasa laƙabai.

Na uku, dokar ikkilisiya. Babban taron Trent, wanda ya zauna daga 1545 zuwa 1563, ya umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma. Littafin koyarwa da ya biyo baya a 1566 ya gargaɗi iyaye su zaɓi sunan wani mai tsarki. Tsoffin sunaye da yawa suka ɓace, sunayen waliyyai suka mamaye. Har yau mutanen Italiya da yawa suna bikin ranar sunansu kamar ranar haihuwa, ta masu suna Francesko kuwa ita ce 4 ga Oktoba.

Sunan ya ƙetare iyaka

A garin Paola na yankin Kalabriya akwai waɗansu ma'aurata da suka daɗe ba haihuwa. Suka yi wa'adi, da suka sami ɗa a 1416 suka sa masa Francesko. Wannan yaro ya girma ya zama mai ibada da ya yi suna ƙwarai, har Sarki Luwis na Goma Sha Ɗaya na Faransa ya aika a kawo shi a 1483 sa'ad da yake ciwon ajali. Ya zauna a Faransa har ya mutu a 1507. A zamansa can sunan ya sami daraja a gidan sarauta, a 1515 kuma Faransuwa na Ɗaya ya hau gadon mulki. Sunan da yake nufin Bafaranshe ya je Italiya ya yi shekara ɗari uku, ya komo ya zauna a kan kursiyin Faransa.

Kowace ƙasa ta lanƙwasa shi da harshenta. A Sifen da Fotugal Fransisko ne, a Jamus da Ostiriya Franz, a Hangari Ferenc, a Folan Franciszek. Fransisko Zabiya, wanda aka haifa a 1506, ya kai bishara Gowa ta Indiya a 1542 da Japan a 1549, ya mutu a wani tsibiri a bakin ƙasar Sin a 1552. Ko a Ingila, bayan ta rabu da Roma, sunan bai mutu ba, ga Fransis Drake matuƙin jirgin ruwa da Fransis Bacon masani. Babban kogin nan São Francisco na Barazil ya sami sunansa ne domin Turawan Fotugal sun iso bakinsa ranar 4 ga Oktoba 1501. Birnin San Fransisko na Amurka ya taso ne daga tashar mishan da aka kafa a 1776.

Ƙasar Hausa ma ta ga 'yan wannan ƙungiya tun da wuri. A 1710 biyu daga cikinsu, Carlo Maria mutumin Jenowa da abokinsa Severino, suka tashi daga Tarabulus don sun ji labari akwai Kirista a wajen Borno da Kwararrafa. Suka bi ta Fezzan da Agadas, suka iso Katsina, a can ciwo ya kama su suka mutu a 1711. Sunan kansa kuwa sai a zamanin mishan na baya ya kafu a Nijeriya. Fitacce cikin masu shi shi ne Fransis Arinze, wanda aka haifa a 1932 a Eziowelle ta jihar Anambra ta yau. Ya zama bishop a 1965, kadinal a 1985, ya kuma shugabanci ofishin Batikan mai kula da dangantaka da sauran addinai daga 1984 zuwa 2002. A zamaninsa ne, ranar 27 ga Oktoba 1986, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tara shugabannin addinai a Asisi domin addu'ar salama.

Ƙidayar zamaninmu

A ƙarni na 20 sunan da ya fi yawa cikin mazan Italiya shi ne Jusefe, wato Yusufu. Jobanni da Antoniyo suna biye, Francesko ma yana cikin na gaba-gaba. A 1939 Paparoma Pius na Goma Sha Biyu ya ayyana Francesko na Asisi da Katarina ta Siyena a matsayin waliyyan ƙasar Italiya.

Bayan haka zamani ya juya. Mutane suka bar ƙauye suka koma birni, haihuwa ta ragu, al'adar takwara ta yi sanyi. Matasan iyaye suka fara ganin Jusefe da Antoniyo sunayen tsofaffi ne. Amma Francesko ya tsira daga wannan hukunci. Hukumar ƙidayar Italiya, ISTAT, ta nuna shi ne na ɗaya cikin jarirai maza daga 2001 zuwa 2017. Mai bin al'ada ya same shi a wurin kakansa. Mai addini ya tuna da na Asisi, ko da Padre Pio, wanda sunansa na haihuwa Francesko Forgione ne, aka kuma sa shi cikin waliyyai a 2002. Wanda ba ya zuwa sujada yana girmama mutumin da ya ƙaunaci talakawa da halitta. Mai son ƙwallo kuwa yana da Francesko Totti, wanda ya buga wa ƙungiyar Roma daga 1993 zuwa 2017, ya kuma ci kofin duniya da Italiya a 2006.

Ranar 13 ga Maris 2013 aka zaɓi Jorge Mario Bergoglio na Ajantina, ɗan wani Ba'italiye da ya yi ƙaura, ya zama Paparoma. Ya gaya wa 'yan jarida cewa da ƙuri'u suka cika, abokinsa Kadinal Hummes na Barazil ya rungume shi ya ce kada ya manta da matalauta, nan take sai Francesko na Asisi ya faɗo masa a rai. Babu Paparoman da ya taɓa ɗaukar sunan kafin shi. Mutane da yawa suna zaton shi ne ya sa sunan ya yi tashe a Italiya, amma lissafi ya nuna sunan ya riga ya yi shekara 12 a kan gaba. A watan Fabrairu na 2019, shekara 800 bayan Damiyeta, shi da Shaihin Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a wata takarda ta 'yan'uwantaka a Abu Dabi. Ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2025.

Tun yana kan kujera sunan ya sauka. A 2018 Leonardo ya karɓi matsayi na ɗaya, a 2023 kuma Francesko ya koma na huɗu, ko da yake a kudancin ƙasar yana da ƙarfi har yanzu. Jariran ma sun ragu. A 2008 an haifi fiye da 570,000 a Italiya, a 2022 kuwa ba su kai 400,000 ba. Duk da haka ƙasar ba ta manta da mutumin ba. A 2025 majalisarta ta zartar da doka cewa 4 ga Oktoba za ta zama ranar hutu ta ƙasa daga 2026, shekarar cikar 800 da mutuwarsa.

Abin da za mu riƙe

Masu sauraro, Pietro ya sa wa ɗansa suna domin riba da yayi. Da yaron ya gāji kanti ya mutu attajiri, da sunan ya shiga kabari tare da shi, kamar dubban laƙabai na fataken zamaninsa. Yau in Ba'italiye ya ce Francesko, ba ya tuna da Faransa ko da yadi. Yana tuna da mutumin da ya wanke kutare, ya kuma je wurin abokin gāba hannu wofi. Rayuwar mai sunan ce ta sāke ma'anar sunan. Abin da uwar ta roƙa da ta ce Yohanna, shi ne ya cika, amma a ƙarƙashin sunan da uban ya zaɓa.

Karin Magana 22:1 tana koya mana cewa suna mai kyau ya fi dukiya mai yawa daraja. Ayyukan Manzanni 11:26 kuma ta gaya mana cewa a Antakiya aka fara kiran almajirai Kirista. Wannan ma laƙabi ne a farkonsa, masu shi ne suka ba shi nauyi da irin zamansu da irin mutuwarsu.

Saboda haka, iyaye, mu zaɓa wa 'ya'yanmu suna da tunani da addu'a, kada yayi kaɗai ya ja mu. Amma mu sani ranar suna farkon aiki ce. Tarbiyya ce za ta cika sunan ko ta bar shi fanko. Mu kuma kula kada burinmu a kan yaro ya hana mu ganin kiran da Allah yake yi masa, har mu rabu da shi kamar yadda Pietro ya rabu da nasa. Kai kuma mai amsa sunan Fransis, ko Bitrus, ko Hannatu, ko Ɗanladi, tambayi kanka abin da maƙwabtanka suke tunawa in an ambace ka. Wata rana za a sa wa jikanka sunanka, zai kuwa ɗauke shi da duk abin da ka zuba a ciki.

Allah ya ba mu alherin riƙe sunan da muke amsawa da gaskiya. Amin.